Goyon Baya a Matsayin Guzurin Mai Yajin Aiki: Misalin Marubuta da 'Yan Wasan Fim na Amurka a 2023

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa yajin aiki gasar juriya ce tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki, kuma wanda guzurinsa ya fara ƙarewa shi ke miƙa wuya. Za mu kafa hujja da abin da ya auku a masana'antar fim ta Amurka a shekarar 2023.

2.0 Musabbabin Yajin

Ran 2 ga Mayu, 2023, marubuta kimanin 11,500 na ƙungiyar WGA suka ajiye alƙalami. Ran 14 ga Yuli sai ƙungiyar 'yan wasa, wato SAG-AFTRA, mai mambobi kimanin 160,000, ta bi sahu. Rabon da marubuta da 'yan wasa su yi yaji tare tun 1960, zamanin da Ronald Reagan ke shugabancin 'yan wasa.

Manyan ƙorafe-ƙorafensu biyu ne. Na farko, a da duk lokacin da aka maimaita fim a talabijin akan biya su wani kaso, amma da kamfanoni irin su Netflix suka mayar da kallo kan intanet, sai kason ya ƙanƙance. Na biyu, suna fargabar ƙirƙirarriyar basira, kada na'ura ta rubuta labari, ko ta kwaikwayi fuska da muryar ɗan wasa ba da izininsa ba.

3.0 Hanyoyin Goyon Baya

Wajibi ne mu kau da zaton cewa duk ɗan wasa attajiri ne. A 2023 sai wanda ya samu dala 26,470 a shekara yake cancantar inshorar lafiya ta ƙungiya, kuma akasarinsu ba sa kai wa nan. Irin waɗannan ba za su jure watanni babu albashi ba sai da tallafi, wanda ya zo ta hanyoyi uku:

(a) Direbobin ƙungiyar Teamsters da ma'aikatan bayan fage na IATSE sun ƙi ƙetare sahun masu yaji. Wannan ya fi komai tasiri a farkon lamarin, domin rashin marubuci kaɗai ba ya hana ɗaukar labarin da aka riga aka rubuta.

(b) Fitattun taurari, irin su Meryl Streep da George Clooney da Dwayne Johnson, kowannensu ya ba da aƙalla dala miliyan 1 ga asusun agajin 'yan wasa, don biyan kuɗin haya da abinci da magani.

(c) Ƙungiyar Equity ta Birtaniya ta yi gangami a Landan a watan Yuli, ko da yake dokar ƙasarta ta hana yajin taya wasu.

4.0 Kammalawa

Marubuta sun janye yaji ran 27 ga Satumba, bayan kwana 148, 'yan wasa kuwa ran 9 ga Nuwamba, bayan kwana 118. Sun samu ƙarin albashi, da lada kan finafinan da suka yi farin jini a intanet, da sharaɗin neman izini kafin a kwaikwayi siffar ɗan wasa. Sai dai kada mu manta da direbobi da masu haske da masu ɗinkin kaya, waɗanda suka rasa albashin watanni a kan buƙatun da ba nasu ba. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ganinmu duk mai nazarin wannan nasara ya kamata ya fara lissafi daga kansu.