Ƙwayar Barci da Maganin Hawan Jini: Jirin da Ke Zuwa da Asuba

A ƙauyukan Tsafe da Bungudu, inda fargabar 'yan bindiga ke hana ido runtsawa, da yawa sun koma neman barci a kemis. Abin da aka fi miƙa musu shi ne diazepam, wanda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Valium, ko ɗan'uwansa Lexotan. Wasu daga cikin masu sayen dattawa ne, kuma da ma suna shan maganin hawan jini da aka rubuta musu a Asibitin Yariman Bakura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

A jikin mai lafiya, ƙarfin bugun jini kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan barci ya yi nisa. Zuciya ce ke hutawa. To a cikin magungunan hawan jini, amlodipine aikinsa sassauta jijiyoyin jini, Moduretic kuma rage ruwa da gishiri ta hanyar fitsari. Idan aka ɗora ƙwayar barci a kai, jinin na iya sauka fiye da kima. Ladan na kiran assalatu, dattijo ya zabura zai ɗauki buta, jini ya taru a ƙafafu bai kai ƙwaƙwalwa da wuri ba, sai jiri ya kwashe shi. Zafin Afrilu da ƙishirwar azumi suna ƙara tsananta lamarin.

Barcin ƙwaya ma ba ya ƙosarwa. Diazepam na rage barci mai nauyi, wanda a cikinsa jiki ke warware gajiya, kuma yakan kwana biyu ko fiye bai bar jinin tsoho ba. Mai munshari kuwa numfashinsa na iya ƙara sarƙewa. Wanda ya saba da diazepam ya daina farat ɗaya, yana iya faɗawa jijjiga irin ta farfaɗiya.

Wani lokaci maganin hawan jinin ne da kansa ke korar barcin. Moduretic da dare na sa zaryar banɗaki. Propranolol na kawo munanan mafarkai, lisinopril busasshen tari. Aldomet, da ake ba masu juna biyu, shi kasala da gyangyaɗi yake sawa. Sau da yawa likita na iya gyara wannan da sauya magani ko lokacin shansa. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2022, kan mutum sama da 21,000, ya nuna shan maganin hawan jini da safe ko da dare bai bambanta ba wajen kare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke roƙon mai zuwa awon jini ya taho da duk magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya. In kuma ya farka da asuba, ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe.