Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jarrabawar Shiga Jami'a A Yankin Dosara

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, sai hankalin iyaye da ɗalibai a Dosara da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara ya koma kan jarrabawar shiga manyan makarantu. An kafa wannan hukuma a 1978, kuma a 2010 aka fara yin jarrabawa guda domin shiga jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin horar da malamai. Watau mai son Jami'ar Tarayya ta Gusau, da mai son Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, duk ƙofa ɗaya za su bi.

Ɗaliban wannan yanki suna da nauyin da ya fi na takwarorinsu na birane. A 2021 an sace 'yan makaranta a Jangebe da Kaya, har gwamnati ta rufe makarantun jihar Zamfara, karatun yara da yawa ya samu giɓi. Ga wanda ya yi irin wannan asara, littafin jagora shi ne malamin da ke kwana da shi a ɗaki.

To, amma jagora iri-iri ne. Na farko shi ne manhajar da hukumar ta tsara, wadda ta zayyana abin da za a tambaya a kowane darasi. Na biyu shi ne kundin da ke bayyana darussan da kowane fanni yake bukata. Mai son aikin likita, alal misali, dole ya ɗauki Fizik da Kemistiri da Bayoloji tare da Turanci. Wanda ya kuskure wannan haɗi, ko makinsa ya kai ina, ya yi aikin banza. Na uku shi ne littafin tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a kasuwa, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin sukan haddace amsoshi ba tare da sanin dalilinsu ba. Amfaninsa shi ne ya nuna wa ɗalibi inda yake da rauni, sa'an nan ya koma ga littafin karatu ko ga malami ya gyara.

Sai kuma maganar lokaci. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku, jimlar maki 400. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Ya kamata ɗalibi ya riƙa gwada kansa da agogo a gabansa. Haka kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar, saboda haka wanda bai taɓa sarrafa ta ba ya nemi inda zai saba da ita, ya kuma shiga jarrabawar gwaji da hukumar kan shirya.

Ya rage ga iyaye su rage wa yara aikin gona da na kasuwa a watannin shiri, su kuma tabbata an sami lambar shaidar ɗan ƙasa da wuri, domin ba a rajista sai da ita. Ma'aikata da ɗaliban jami'a 'yan asalin yankin kuwa, in sun zo hutu, su zauna da ƙannensu ko da awa guda ce a rana. Allah Ya ba da sa'a, amin.