Me Ya Sa Doka Ta Ƙayyade Faɗin Masana'antar Ƙwaƙwalwar Waya?

Ko a kasuwar Farm Centre ta Kano ka sayi wayarka, ko a wani shago a Kiru ko Bebeji, ƙwaƙwalwar da ke cikinta daga wani irin ɗaki na musamman ta fito: ɗakin da ake tace iskarsa dare da rana, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana iya lalata cip. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗakin nan mai tsabta yana cikin gine-gine mafi haɗari.

Ina haɗarin yake?

Ana sarrafa silikon da sinadarai masu ƙarfi. Iskar silen tana kamawa da wuta da kanta da zarar ta haɗu da iskar waje. Iskar arsin guba ce mai kisa. Akwai kuma ruwan asid mai cin fata har ƙashi. Ga shi iskar ɗakin zagayawa take yi kullum, don haka hayaƙi kaɗan yakan kai ko'ina.

Abin da doka ta ce

Kundin dokokin gini na IBC, wanda Amurka ke aiki da shi tun shekarar 2000, ya ware wa irin waɗannan masana'antu rukuni mai suna H-5. Ƙa'idar ita ce: gwargwadon yadda gini ke jure wuta, gwargwadon faɗin da za a yarda masa.

- Ginin katako marar kariya: kimanin murabba'in mita 836 a kowane hawa.
- Ginin ƙarfe ko kankare mai jure wuta na awa ɗaya: kimanin murabba'in mita 3,480, wato kusan rabin filin ƙwallo.
- Ginin da ginshiƙansa ke jure wuta na awa biyu ko uku: babu iyaka ga faɗinsa, amma ba ya wuce hawa huɗu.

Waɗannan alƙaluman tushe ne, ana ƙara su idan akwai na'urorin fesa ruwa da fili a kewayen ginin. Na'urorin nan dole ne a rukunin H-5, kuma a ƙa'idar asali tafiyar ma'aikaci zuwa mafita ba za ta wuce mita 61 ba. Ke nan kamfanin da ke son katafaren ɗaki, kamar wanda TSMC ya gina a Arizona, sai ya biya kuɗin gini mai ƙwari tukuna.

Me ya shafe ka?

A watan Satumban 2013 gobara ta tashi a masana'antar SK Hynix da ke Wuxi a Sin, sai farashin RAM ya tashi a duniya. A watan Maris na 2021 kuma, wuta ta ci kusan kashi 5 cikin 100 na ɗakin tsabta na Renesas da ke Naka a Japan, amma sai da aka yi wata uku kafin aiki ya koma daidai, kamfanonin motoci suka sha ƙarancin cip.

Idan kashi 5 ya jawo haka, ina ga ginin ya ƙone ƙurmus? Najeriya ta fitar da nata kundin dokokin gini a 2006. Duk ranar da aka fara maganar kafa irin wannan masana'anta a Challawa ko Sharaɗa, tambayar farko ita ce: awa nawa ginin zai jure wuta, kuma mita nawa ne zuwa ƙofa?