Gidan Makama na Kano, ginin ƙasa mai shekara fiye da 500

Wanda ya tashi daga Madarunfa, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ya isa birnin Kano, zai tarar da wani tsohon gida kusa da fadar Sarki. Sunansa Gidan Makama. Da ƙasa aka gina shi, irin wadda ake gini da ita a ƙauye. Amma ga shi ya wuce shekara 500.

An gina gidan ne don Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya zama Sarkin Kano a 1463, ya yi mulki har 1499. Da ya hau gado sai ya gina sabuwar fada, wadda ake kira Gidan Rumfa, ya koma can. Tsohon gidan ya zama mazaunin masu sarautar Makama.

Yaya magina ke yin irin wannan gini? Da tubali suke farawa. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake ta sosai. A mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. In ya bushe, a jera shi, gindin yana ƙasa, a cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a ƙasa, ya dinga raguwa zuwa sama.

Wurin rufi ne gwanintar take. Da azara ake rufi, watau itacen giginya da aka tsattsage. Gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2, azara kan lanƙwasa saboda nauyin ƙasa. To, ina dabara, in ana son babban soro ba ginshiƙi a tsakiya? Sai magina su yi bakan gizo. Suna dasa azara cikin bango. Su ɗora wata a kanta, ta ɗan karkato cikin ɗaki, su ɗaure da igiya. Haka daga wancan bangon. Hannuwan biyu su yi ta matsowa har su haɗu a sama, sai a shafe su da ƙasa. Wanda ya shiga sorayen Gidan Makama ya ɗaga kai, wannan aiki zai gani.

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Mutanen Maraɗi sun sani. A 1945 gulbi ya cika ya ci tsohon garin, har aka koma tudu. Ruwan sama kuwa a hankali yake ci. Don haka ake sa indararo mai tsawo, ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Ana yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufi kuma a shafe shi da laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Siminti ba ya maye gurbinsu. Ba ya kama ƙasa da kyau, kuma in ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita.

Kada a zaci kowane bango na zamanin Rumfa ne. Inda ya zube an tayar, inda ya zaizaye an yaɓe, tsara bayan tsara.

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, suka ɗan yi ofis a gidan. Daga baya aka raba shi uku: sashe ɗaya gidan tarihi, ɗaya makarantar yara, ɗaya kuma wurin zama. A 1959 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta tsare. Ma'anar wannan, ba mai ikon rushe shi ko canza masa siffa sai da izinin hukuma, ko da shi ne mai gidan.

Yanzu hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ke kula da sashen tarihin. A ciki an ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'in Kanawa. Ƴan makaranta da baƙi suna shiga su gani.