Ko Kun Sani?

Albasar da ake nomawa da rani a fadamun Sabon Birni da Isa, wadda miya ba ta daɗi sai da ita, guba ce ga kare da kyanwa. Tana ɗauke da sinadarai masu farar wuta, waɗanda ke lalata himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, har ƙwayoyin su farfashe, dabbar ta kamu da ƙarancin jini. Likitocin dabbobi sun nuna cewa kimanin giram 5 na albasa a kan kowane kilo na nauyin kyanwa ya isa ya taɓa jininta, shi kuwa kare sai ya ci giram 15 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, kuma dafawa ko suya ko shanyawa ba sa kashe dafin. Tafarnuwa ma ta fi albasa ƙarfi. Babban haɗarin shi ne alamun ba sa bayyana sai bayan 'yan kwanaki, lokacin da dasashin dabbar zai yi fari fat, numfashinta ya yi sama-sama, fitsarinta ya koma ja ko ruwan ƙasa. Saboda haka, duk wanda mafarauci ko ɗan cin rani ya bar wa amanar karensa, kada ya zuba masa sauran miya ko ragowar albasar tsire, kuma in ya ga waɗannan alamu ya garzaya da shi wurin likitan dabbobi.