Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: me ya sa fayil ke ƙin buɗewa?

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, wasu ke ƙara Ubuntu a kwamfutarsu. Sai malami a Dogon Kiriya ya nemi takardar jarrabawar da ya rubuta a Windows, manhaja ta ce babu izini. Kada ya goge diski: takardar tana nan.

Dalili biyu ne. Na farko, manhajojin Snap a killace suke, kamar akuya a turke, ba sa kaiwa ɓangaren Windows sai an kwance su. Idan LibreOffice na Snap ne, a rubuta a Terminal:

sudo snap connect libreoffice:removable-media

Masu Flatpak kuwa su ba da izini ta Flatseal.

Na biyu, idan fayil ya buɗe amma gyara ya ƙi ajiyuwa, sau da yawa Windows ne bai mutu sarai ba. A koma cikinsa, a cire « démarrage rapide » a « Options d'alimentation », sannan a kashe.

Kafin komai dai, a kwafe muhimman takardu a USB.