Sauya Fasalin Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙi: Yadda Jirgin Kwali Ke Komawa Na Najeriya

Ƙaramin samfurin jirgi shi ne kwatankwacin jirgin sama na gaske wanda aka rage girmansa bisa lissafi guda, ta yadda fiffike da wutsiya da taya da mazaunin matuƙi duk za su ƙanƙance daidai wa daida, babu sashen da ya fi wani raguwa. Kamfanonin da ke wannan sana'a, irin su Airfix na Ingila da Heller na Faransa da Tamiya na Japan da Trumpeter na ƙasar Sin, suna sayar da shi ne a wargaje cikin kwali, sassansa na roba suna maƙale a jikin wasu siraran sanduna da aka zuba su tare, ga takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, ga kuma tamburan da ake jiƙawa a ruwa a liƙa. Wanda ya bi takardar nan daga farko zuwa ƙarshe ya haɗa jirgi ne kawai. Sauya fasali kuwa shi ne a ɗauki abin da ke cikin kwalin a yanke wani wuri, a ƙara wani, a sake siffar wani, har ya tashi daga nau'in jirgin da kamfani ya nufa ya koma wani nau'in ko jirgin wata ƙasa da babu shi a kasuwa.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a jiragen yaƙi shi ne 1/72, wato kowane inci ɗaya a jikin samfuri yana tsaye ne a madadin inci 72, ko ƙafa shida, a jikin jirgin gaske, sai kuma 1/48 wanda ya fi girma kuma ya fi ba da damar nuna ƙananan abubuwa. A Ingila wannan ma'auni na 1/72 ya kafu a shekarun 1930, kamfanin FROG ya fara fitar da samfuran roba a kansa a 1936, Airfix kuma ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, a shekarun 1950. Abin bai tsaya ga nishaɗi ba, domin a 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa mata samfura 500,000 a kan wannan ma'auni, don a koya wa sojoji bambance jirgin abokan gaba da na gida tun daga nesa. Lissafin yana da sauƙi amma ba ya yafiya: faɗin fuka-fukan jirgin Alpha Jet mita 9.11 ne, wanda a ma'aunin 1/72 yake komawa santimita 12.6 da 'yan kai, kuma kuskuren milimita ɗaya tak a jikin samfuri daidai yake da kuskuren fiye da santimita bakwai a jikin jirgin gaske.

Mazauna unguwannin Jama'a da Samaru da Hanwa da Palladan a Zariya ba baƙin jirgin sama ba ne, tun da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, wadda aka kafa a Zariya a 1964, tana nan a kan hanyar da ta haɗa Sabon Gari da Samaru, kuma ƙananan jiragen koyon tuƙi suna shawagi a saman unguwannin nan shekara da shekaru. Haka nan aikin ƙanƙanta abu bisa ma'auni ba sabo ba ne a yankin, domin ɗaliban sashen tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello suna yanka kwali su tayar da ƙananan gidaje a matsayin wani ɓangare na karatunsu, kuma tun kafin su yaran Hausa suna fere kara su haɗa mota da jirgi, ko su buɗe gwangwanin madara su yi musu jiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kwalin samfurin kansa, wanda ba kasafai ake ganinsa a kantunan Sabon Gari ba, sai dai a yi odarsa ta intanet ko a ba matafiyi saƙo. Idan ma ya iso, yawanci da tambarin Jamus ko Faransa ko Rasha ko Sin yake zuwa, saboda masu ƙera shi kasuwar waɗancan ƙasashe suke hange. Saboda haka mai son ya ajiye jirgin Rundunar Sojan Sama ta Najeriya a kan teburinsa kusan dole ne ya koyi sauya fasali, ko ya so ko bai so ba.

Jirgin Alpha Jet shi ne mafi dacewa da mai farawa. Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ne suka haɗa hannu suka ƙera shi, ya kuma fito iri biyu: na Faransa, wanda aka yi domin koyar da matuƙa, hancinsa a dunƙule yake, na Jamus kuwa, wanda aka yi domin kai farmaki a ƙasa, hancinsa dogo ne mai tsini. Najeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980, masu dunƙulallen hanci, kuma su ne suka yi aiki ƙarƙashin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo, daga baya kuma a yaƙin arewa maso gabas. A 2015 ta ƙaro guda huɗu daga Amurka, tsofaffin jiragen Jamus masu hanci mai tsini, waɗanda aka kawo su ba makamai sai injiniyoyin rundunar suka ɗora musu. Wannan ya sa tambayar farko da mai aikin zai yi wa kansa ita ce wace lamba ce a jikin jirgin da yake son kwaikwaya, kuma a wace shekara, domin amsar ita ce za ta nuna ko hancin da ke cikin kwali ya dace ko sai an yanke shi. Wasu kamfanoni suna saka hanci iri biyu a kwali ɗaya, wanda ya samu irin wannan ya huta ke nan. In ba haka ba, sai a auna wurin yanka daga hoton da aka ɗauka ta gefe, a zagaye shi da tef don zarto kada ya kauce, a yanke, a liƙa ɓallin roba ko itace mai laushi, sannan a bi shi da magagari da samfefa har siffar ta fito.

Aikin da ya fi wannan wuya, kuma ya fi nuna gwanintar mutum, shi ne fitar da F-7NI daga kwalin MiG-21. Jirgin F-7 ƙirar kamfanin Chengdu ne na ƙasar Sin, kuma asalinsa kwaikwayon MiG-21 ne na Tarayyar Sobiyet, Najeriya ta ƙulla cinikin 15 a 2005, guda 12 masu kujera ɗaya da uku masu kujera biyu na koyarwa. A nan akwai tarkon da yakan kama wanda bai yi bincike ba. MiG-21 da Najeriya ta yi amfani da su tun daga tsakiyar shekarun 1970, wato nau'in MF da kuma bis da ya biyo baya, suna da faffaɗan baki na shaƙar iska da kauri a gadon baya, alhali F-7 ya samo asali ne daga tsohon nau'in F-13, mai ƙaramin baki da siririn jiki. Wanda ya sayi kwalin MF da nufin mayar da shi F-7NI ya ɗauko wa kansa sake gangar jiki gaba ɗaya, wanda kuwa ya fara da F-13 aikinsa ya ragu zuwa manyan wurare biyu. Na farko fiffike ne: na MiG-21 mai kusurwa uku ne da gefen gaba miƙaƙƙe, na F-7NI kuwa gefen nasa yana karyewa a wajen tsakiya, ɓangaren waje ya buɗe ya ƙara faɗi, saboda haka sai an yanke rabin fiffiken na waje an dasa sabo da aka fitar daga fallen roba, an kuma kankare shi har bakinsa ya yi kaifi kamar na asali. Na biyu murfin gilashin da ke kan matuƙi, wanda a F-13 gaba yake buɗewa a dunƙule, a F-7 na baya-bayan nan kuwa baya yake ɗagawa, gilashin gaba yana tsaye a wurinsa. Masu haƙuri sukan sassaƙa siffar murfin da itace, su gasa fallen roba mai haske irin na kwalin magani ko na kayan waya har ya yi laushi, su danna shi a kai. Sau da yawa sai an ɓata uku ko huɗu kafin ɗaya ya fito sumul.

Kayan aikin da littattafan ƙasashen waje ke lissafawa suna da tsada, amma yawancinsu suna da madadi a kasuwar Sabon Gari da shagunan Samaru. Reza da ƙaramar wuƙar yanka kwali da matsefata da magagarin masu gyaran agogo sun wadatar wajen yanka da gyara, samfefa mai laushi ta masu fentin mota, wadda ake jiƙawa da ruwa, ita ce ta share tabon zarto, filar da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita kuma tana toshe tsaga, muddin an shafa ta kaɗan-kaɗan, domin mai yawa tana iya cin roba. Gam iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu yana ɓata aiki. Gam ɗin samfuri narkar da fuskar robar yake yi har sassa biyu su zama ɗaya, don haka ba ya kama ƙarfe ko itace ko rezin, wato wani ƙaro na masana'anta da ake zuba ƙarin sassa da shi. Waɗannan sai sufa gulu, wanda shi kuma tururinsa yana sa gilashi ya yi fari fat, saboda haka ba a kusantar da shi ga murfin matuƙi, farin gam na kafintoci ne ya dace da wurin. Siraran eriya da bututun auna gudu da ke hancin jirgi ana samun su ta hanyar ɗora guntun sandar robar nan a saman kyandir, idan ta yi laushi a ja ta ta miƙe kamar zare. Sannan kafin a rufe gangar jiki ana cusa 'yar dalma a cikin hanci, in ba haka ba jirgin zai zauna a kan wutsiyarsa, tayar gaba tana reto a sama, kuma ba a gane wannan mantuwa sai bayan gam ya bushe.

Fenti da tambari su ne suke ba jirgi ƙasarsa. Alamar jiragen sojan saman Najeriya da'ira ce mai kore a waje, fari a tsakani, kore a tsakiya, da tutar ƙasa a jikin wutsiya, da haruffan NAF gaban lambar jirgi. Matsalar ita ce na'urar buga takarda ta gida ba ta buga farin launi, tana barin wurinsa ne a matsayin farin takarda, don haka wanda ya buga tambarin a kan takardar liƙawa mai haske zai ga fentin jirgi yana leƙowa ta inda fari ya kamata ya kasance. Maganin shi ne a fara fesa farar da'ira a jikin samfurin, a bari ta bushe, sannan a ɗora koren a kai, ko kuma a nemi takardar liƙawa mai farin gindi a yanke ta daidai bakin da'irar. Yanayin Zariya ma yana da nasa hukunci a nan: a lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar samfefa, shi ya sa ake kife kwali ko roba a kan aikin da zarar an gama fesawa, a bazara kuwa samfurin da aka bari a bakin taga ko cikin mota yana iya lanƙwashewa. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, don haka da ruwa ake goge shi, fenti kuma a fili ake fesa shi inda iska ke wucewa.

Duk wannan ya dogara ne ga hujja, hujjar kuma hoto ce. Jirgi ɗaya yakan sauya fenti sau da dama a rayuwarsa, a ƙara masa eriya ko a sake masa abin rataye makamai, saboda haka gwanaye ba sa haɗa hoton wata shekara da na wata su fitar da jirgin da bai taɓa wanzuwa ba. Wahalar tana ƙaruwa idan aka koma baya. Jiragen MiG-17 da Tarayyar Sobiyet ta sauke a filin jirgin saman Kano a watan Agustan 1967, farkon yaƙin basasa, da L-29 Delfin na Cekoslobakiya da suka zo a wannan zamani, yawancin hotunansu baƙi da fari ne, wanda ke tilasta wa mai aiki ya auna launi da hankali, ya kuma yarda cewa wani wurin hasashe ne. Jaguar 18 da aka kawo daga Ingila a 1984, waɗanda ba su daɗe suna tashi ba, sun fi samun hotuna masu launi. Ya kamata a faɗa a fili cewa hotunan da rundunar ta fitar da kanta da waɗanda jaridu da littattafai suka buga su ne madogara, ɗaukar hoto a harabar sansanin soja ba tare da izini ba laifi ne da kan jefa mutum cikin matsala, ko da niyyarsa ba ta wuce teburin aikinsa ba.

Wani abin lura shi ne Najeriya ta taɓa yin irin wannan aiki a kan jirgi mai cikakken girma, kuma ba da nisa da Zariya ba. Jirgin Air Beetle, wanda rundunar sojan sama ta yi shekaru tana koyar da sababbin matuƙa da shi a Kaduna, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, jirgin da ake sayarwa a wargaje domin mai saye ya haɗa da kansa. Kamfanin AIEP na Kaduna ne ya ɗauki wannan ƙira a ƙarshen shekarun 1980 ya yi mata gyare-gyaren da za su dace da aikin horar da soja, har da ba injinta damar shan man fetur na mota, aka kuma haɗa guda 60. Air Beetle mai farfela ne, ba jet ba, kuma manyan kamfanonin samfuri ba su damu da shi ba, don haka wanda yake son ganinsa a ma'aunin 1/72 sai ya zana shi a takarda ya fitar da shi daga fallen roba tun daga hanci har wutsiya, faɗin fuka-fukansa kuma ba zai wuce santimita goma ba.